Kwalabe 18 da shayin dare: sharhina kan wankin cikin 'yan gayu a Kumasi

Bari in fara da yabo, kada a ce baƙin ciki nake yi da abincin wasu. Shagon nan da ke wajen Ahodwo ya iya matsar 'ya'yan itatuwa. Abarba da cittarsu ba ta da na biyu a duk inda na sani a Kumasi: ba a tsuga mata ruwa ba, ba a ƙara sukari ba, cittar tana ratsa maƙogwaro ba tare da ta ƙona shi ba. Wurin tsaf-tsaf, 'yan matan da ke aikin suna sanye da hula da safar hannu, injin kuma a gaban idonka ake wanke shi. Da a nan suka tsaya, da magana ta ƙare: ku je ku sha, ku dai riƙe kuɗi da ɗan kauri.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Abin da suke tallatawa dare da rana a TikTok da Instagram shi ne tsarin ditoks, wai wanke jiki daga guba: kwana uku ba loma ko ɗaya, sai kwalabe shida a kullum da shayi guda kafin kwanciya. Sidi 780, ban da kuɗin ɗan okada. In ka biya, an yi maka alkawarin hanta sabuwa fil, ƙoda tas, jini garau, tumbi ya sace, fata ta yi sheƙi, hawan jini da suga su sauka. Sunan shagon ba zan kama ba. Irinsa sun cika gari daga Nhyiaeso zuwa Adum, na Akra kuwa a Osu da East Legon ba a magana, kuma duk kanwar ja ce.

Ni a kantin magani nake aiki a Asawase, a bayan kanta, ƙarƙashin famasis, wato ƙwararren mai haɗa magani. Tun da aka gama cin naman Babbar Salla mata suka fara shigo mana da waya a hannu, a kunna mini bidiyo a ce, "Anti, in zan yi wannan sai in ajiye ƙwayar hawan jinin, ko?" Wata amarya ce ke son shiga kayan da tela ya matse, wata mai jego ce ke son cikin ya koma, wata kuwa kasala kawai take ji an ce mata datti ne ya taru. Ba na son in riƙa hana mutane abin da ban taɓa kai wa bakina ba, shi ya sa na biya da kuɗina na gwada.

Oda ta WhatsApp ake yi, biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Yarinyar da ke amsa saƙo 'yar zango ce, Hausarta rangaɗau, ladabi kuma ba a cewa komai. Ta tambaye ni unguwa, ta tambayi alamar da ke kusa da gida, ta tambaya ko gyaɗa tana ba ni matsala. Shi ke nan. Ba ta tambaya ko ina da suga ba, ko hawan jini, ko gyambon ciki, ko ina da juna biyu, ko ina shayarwa, ko akwai maganin da nake sha kullum. Mu a kanti ko maganin tari za mu miƙa sai mun yi rabin waɗannan tambayoyin. Nan za a hana mutum abinci kwana uku, amma abin da aka damu da shi shi ne ko ɗan okada zai gane lungu.

Ya kuwa gane. Ana idar da asuba ya iso Aboabo da kula cike da ƙanƙara, kwalabe 18 jere, kowace mililita 350, an manna musu lamba da lokacin sha. A nan ma akwai abin dubawa. Ruwan ɗanye ne, ba a dafa shi ba, ba a sa masa abin hana lalacewa ba, wanda shi ne dalilin daɗinsa, kuma shi ne dalilin da ba ya jure zafi. Mutanen Ahodwo kullum ake kai musu sabo; mu na zango a tashi ɗaya ake jibge mana na kwana uku sai in za mu ƙara kuɗin kawowa. An ɗauke wuta a daren na biyu, kashegari koriyar kwalbar ta kumbura, ina buɗewa ta yi tsiit tana kumfa da warin tsami. Na tura hoto, suka canza mini ba gardama, wannan kam na yaba. Amma wanda bai san bambancin tsamin lemo da tsamin lalacewa ba zai ɗaga kai ya shanye, in cikinsa ya ɓaci a ce masa aikin ne ya fara.

Ta farko ruwan lemon tsami ce da barkono da ɗan zuma. Wannan haɗin ba sabo ba ne, wani Ba'amurke da ba likita ba ne ya fito da irinsa tun shekarun 1940, nasa da ruwan zaƙin wata bishiyar ƙasarsu maimakon zuma, ga shi yau ya iso mana a kwalba mai kyau. A cikin da babu komai, yaji da tsami ba abin wasa ba ne. Mai gyambon ciki zai ji a jikinsa. Ta biyu koriya, kokwamba da alayyafon Turawa da zogale da tuffa, ɗanɗanonta na ciyawa amma ana iya haɗiyewa. Ta uku ita ce abarbar. Ta huɗu ja ce wur, bitirut da karas da kankana. Ta biyar baƙa ƙirin, garin gawayi a ruwan kwakwa da lemon tsami, tana barin ɗan tsaki-tsaki a haƙori. Ta shida kuwa dariya ta ba ni: kunun aya ne da dabino, irin wanda iyayenmu mata ke ƙullawa a leda, an dai sa masa sunan Turanci. Ita kaɗai ce a cikin shidan take ɗan zama a ciki, ita nake ɗokin isowarta tun la'asar.

Maganar sukari ita ce ta fi tsaya mini, don babban abin da suke taƙama da shi shi ne "ba mu ƙara sukari ba". Gaskiya ne, ba su ƙara ba, ba sa ma bukata. Ruwan abarba zalla yana da sukari kusan giram 10 a kowace mililita 100, bai yi nisa da Coca-Cola ba. Kwalba ɗaya ke nan ta doshi giram 35, ƙaramin cokalin shayi takwas da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce kada irin wannan sukarin ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato wajen giram 50 ga babba, ta ce in ya koma 25 ya fi. Kuma a fili ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itatuwa a ciki. Ku haɗa abarbar da kankanar da tuffar da dabinon da zumar, za ku ga mai "hutar da jiki" ya ninka ƙa'idar kafin magariba. Ba na musun cewa akwai bitamin C da sauran abubuwan amfani a ciki, abin da lemon kwalba ba shi da su. Amma jini bai san sunan shagon da sukari ya fito ba.

Da yake na'urar gwajin sugan jini tana gabana a kanti, na soki yatsa kafin in sha abarbar, 5.1. Bayan kamar minti 45 na sake, 8.2. Ni ba ni da ciwon suga, jikina ya sauke shi da kansa, sai dai saukar ce ke zuwa da yunwa mai sa hannu sanyi, ka riƙa duban agogo kana jiran kwalba ta gaba. In da abarbar na yanka na tauna, ba haka za ta yi ba, domin zare-zaren da ke cikinta su ne ke rage wa sukarin gudu, su ƙosar, su kuma taimaki hanji. Ranar da na je shagon na ga inda zare-zaren suke ƙarewa: bokiti biyu a bayan injin, cike da dusar abarba da karas da kokwamba. Na tambaya, aka ce wani mai kiwon tumaki ne ke zuwa kwasa da yamma. Tumakinsa kam sun dace.

Ciwon kai ya kama ni tun yammacin ranar farko, kashegari ya zauna daram a goshi. Yarinyar tana turo saƙon gaisuwa kowace safiya, na faɗa mata. Ta ce, "Alhamdu lillahi, Hajiya! Dattin ne ke fita, ki daure." Ba datti ba ne. Ni mai shan shayi mai kauri ce safe da yamma, ga ɗan goro bayan azahar, takardarsu kuma ta hana duka biyun. Wanda jikinsa ya saba da kafin, sinadarin da ke cikin shayi da kofi da goro, in ya daina rana tsaka ciwon kai na zuwa cikin awa 12 zuwa 24, ya tsananta a kwana na biyu. Duk mai cin goro ya san wannan a farkon watan azumi, ba wanda ya taɓa ce masa guba ce ke barin jikinsa.

Haka aka yi ta yi. Fitsari ya yi ja-ja: gurɓataccen jini ne ke fita. Alhali launin bitirut ne, wasu jikinsu ba ya narkar da shi, yana wucewa yadda ya shiga. Bayan gida ya yi baƙi: tsohon datti ne na shekara da shekaru. Alhali gawayin da aka sha jiya ne. Baki ya yi wari, harshe ya yi fari: aikin ya kai ga hanta. Alhali wanda ba ya tauna komai yawunsa raguwa yake yi. Jiri in an miƙe tsaye: jiki na sabunta kansa. In kuma ka ce ka ji wasai, to ka gani, ai mun faɗa maka. An tsara abin yadda ba ta inda za su faɗi. Ka ji daɗi nasararsu ce, ka wahala ma nasararsu ce. Ba na zargin yarinyar, abin da aka koya mata take maimaitawa, kuma na ga alama ta yarda da shi har zuciya.

Shayin daren shi ne ƙashin bayan tsarin gaba ɗaya, kuma shi kaɗai ne ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, sai "ganyayyakin gargajiya". Na sha na daren farko wajen ƙarfe tara. Kafin kiran assalatu ciki ya murɗa, murɗar da ke sa mutum ya riƙe bango, na yi ta safa da marwa har gari ya waye. Da na dawo hayyacina na sa almakashi na farke ƙullin na dare na biyu, na zazzage a faranti. Ga ɓarɓashin na'a-na'a, ga kanumfari, ga citta. Sauran kuwa, wanda ya fi yawa, 'yan siraran ganyaye ne masu tsini, kore mai ɗan rawaya, da guntayen kwanso fale-fale. Na kai wa gwaggona da ke ɗakin ƙofa, ko tabarau ba ta ɗauko ba, ta murza ta shinshina ta ce, "Ke, wa ya ba ki filasko? Cikinki ne ya ɗaure?"

Filasko ba baƙonmu ba ne. Masu kayan ƙoli a Alabar da Kejetia suna auna shi da 'yan sulalla, mu ma a kanti muna da shi a ƙwaya, sena ake ce masa, ana ba wanda ya kasa bayan gida. Aikinsa shi ne ya tsokani babban hanji ya yi ta matsawa, yana kamawa cikin awa 6 zuwa 12, shi ya sa ake cewa a sha da dare. A kwalinsa an rubuta kada a wuce mako guda ba da izinin likita ba, domin yana fitar da ruwa da gishirin jiki, musamman fotasiyam, wanda zuciya ke dogara da shi wajen bugawa daidai. Kitse ko ƙwayar zarra ba ya taɓawa, tunda kafin abinci ya isa babban hanji ƙaramin hanji ya riga ya tsotse abin tsotsewa. Magani ne na gaske, yana da ranarsa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ɗura wa lafiyayyen mutum shi dare uku a jere, cikinsa ba komai, ba a kuma faɗa masa sunan abin da yake sha ba.

Mai shagon, wata mata mai fara'a da iya magana, ta yi mini bayani da misalin da na ji a bidiyonsu ma. Ta ce jikin mutum kamar kwatar Aboabo ne, shara na taruwa tana toshewa, in ba a yashe ba sai ambaliya. Misalin yana shiga kunne, musamman ga mu da ruwa ke shigar mana ɗaki duk damina, amma ba haka jiki yake ba. Hanta ba ma'ajiyar shara ba ce. Abin da ya shigo mata, magani ne ko giya ko ragowar aikin jiki, sarrafa shi take yi ta mayar da shi abin da zai bi fitsari ko ruwan matsarmama ya fita, kuma ba ta hutun ƙarshen mako. Ƙoda biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kowace rana, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka. Fatar cikin hanji kuwa 'yan kwanaki kaɗan take yi ta sake sabuwa, ba ta da inda dattin shekara goma zai manne. Ranar da hanta ko ƙoda suka gaza da gaske, ido ne ke yin rawaya, ƙafa ta kumbura, a nufi asibitin Komfo Anokye ana neman gado da injin wankin ƙoda. Ba a taɓa sallamar irin wannan majinyacin da kwalbar kokwamba ba. Wani abin ma, hanta da sinadaran da ke fitowa daga furotin, abincin gina jiki irin na nama da wake da ƙwai, take wannan aikin, mace mai kilo 70 tana bukatar wajen giram 56 a rana, kwalaben nan kuwa ba su da shi sai ɗan abin da ke cikin aya. An ce ana taimakon hanta, an kuma janye mata kayan aiki.

Na tambaye ta sunan guba ɗaya tak da tsarin ke fitarwa, wadda za a iya aunawa a jini kafin a fara da bayan an gama. Ta yi murmushi ta ce suna da yawa. Ba ita ce ta farko ba. A 2009 wasu matasan masana kimiyya a Ingila, ƙarƙashin ƙungiyar Sense About Science, sun bi kamfanonin kayan ditoks guda 15 da irin wannan tambayar, ba wanda ya kawo hujja, ba ma biyu da suka yi daidai a kan me suke nufi. A 2015 masu bincike biyu a Ostareliya, Klein da Kiat, suka tattara abin da aka rubuta a kan irin waɗannan tsare-tsaren cin abinci, suka ce babu gamsasshiyar shaida cewa suna fitar da guba ko suna rage ƙiba mai ɗorewa.

Sikeli dai ya sauka, kilo biyu da ɗan kai. Nan ne kowa ke rufta, don ido ya gani. Jiki yana ajiye sukarin ko-ta-kwana a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kowane giram kuma yana riƙe da ruwa kusan giram uku. In ka rage ci sai a taɓa wannan ajiyar, ruwan ya bi fitsari. Ga gishiri da ka daina ci, ga hanjin da filasko ya share. Kitse kilo ɗaya kalori 7,700 ne. Ko da kullum kana cin bashin kalori 1,000, a kwana uku ko rabin kilo ba ka ƙona ba. Na koma kan tuwon zafi da miyar ayoyo, mako bai zagayo ba sikeli ya koma gidansa na jiya. Amaryar da ke son shiga kaya ranar Lahadi za ta shiga, ban ce ba za ta shiga ba. Ta dai san me ta saya.

Yarinyar ta taɓa ce mini, "Ai kamar azumi ne, Hajiya." Azumin da muka sani yana da sahur da aka ce akwai albarka a cikinsa, yana da buɗa-baki da aka ce a gaggauta, an ɗauke wa mara lafiya da matafiyi, an kuma hana ɗorawa kwana da kwanaki ba a ci ba. Ban ga haɗin ba.

Duk wannan da sauƙi, lafiyayyen mutum zai sha wahalarsa ya warware, aljihunsa ne kawai zai yi kuka. Abin da ya sa na zauna rubutun nan wata dattijuwa ce da ke karɓar magani a wurinmu. Ta shigo da hantsi jikarta na riƙe da ita, mayafi ya jiƙe da gumi, hannu na kakkarwa, tana magana harshe na sarƙewa. Na zaunar da ita a benci na ce, "Mma, me kika ci yau?" Ta ce, "'Yata, ba ci ake yi ba, wanki nake yi. Ɗiyata ce ta biya mini daga Jamus, ta ce zai saukar mini da sugan." Na soki yatsarta, 3.1. Duk abin da ya gaza 3.9 ya sauka ƙasa da kima. Ashe kwana biyu ke nan tana shan ƙwayar sugarta, gilibenkilamaid, safe da safe yadda ta saba, ba tuwo ba koko. Na ce to kwalaben fa? Ta ce, "Masu zaƙin na ba jikoki, ai ni suga gare ni. Koriyar da baƙar nake sha." Hankali ta yi iyakar saninta, hankalin ne kuma ya kusa kai ta ƙasa. Na dama sukari cokali huɗu a ruwa na ba ta, bayan minti 15 muka sake gwadawa ya ɗago, aka sayo mata koko da ƙosai a bakin titi. Famasis ɗinmu ya ce duk da haka a wuce da ita asibiti, domin wannan ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan yana iya sake faɗuwa da dare. Da kuma ta shanye masu zaƙin duka, sama zai yi. Ta ko'ina mai ciwon suga ba shi da riba a wannan ciniki.

Ba ita kaɗai ba. Mai shan ƙwayar hawan jini mai sa fitsari, ga zawon filasko a kai, jiri ne zai kayar da shi a banɗaki. Mai ciwon ƙoda ko wanda ya taɓa yin tsakuwa, alayyafon Turawa da bitirut suna da sinadarin okzalet mai yawa, wanda shi ne ke ƙulla mafi yawan tsakuwar. Baƙar kwalbar kuwa ta fi ba ni tsoro. Gawayin da aka sarrafa magani ne na ɗakin gaggawa, ana ba wanda ya haɗiyi wasu nau'o'in guba, giram 50 ga babba, ya fi amfani cikin awa ɗaya, don ya kama gubar tun tana ciki. Ba ya shiga jini balle ya wanke shi. Kuma bai san guba ba bai san magani ba: ƙwayar tazarar haihuwa, ta farfaɗiya, ta hawan jini, ta masu ɗauke da ƙwayar cutar HIV, duk wadda ya tarar a ciki yana iya riƙe ta su fita tare. Ba ko layi ɗaya na gargaɗi a jikin kwalbar. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, wadda hukumar abinci da magunguna ta Gana, FDA, ke aiki da ita, ta hana tallata abu a matsayin maganin wasu cututtuka da ta lissafa, ciwon suga da hawan jini suna ciki. Masu bidiyon sun iya kauce wa kalmar "warkarwa", sai su ce "yana daidaitawa". Dattijuwar nan dai warkarwa ta ji.

Guba ta gaske tana nan, ba na musu. Masu galamsey, wato haƙar zinariya ba izini, suna wasa da makuri mai guba da hannu, ruwan kogunan Offin da Pra kowa ya ga yadda suka koma. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara sama da 400, waɗanda suka tsira kuma da magani na musamman likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka ciro musu ita daga jini, ana aunawa ana sake aunawa. Abin da ke cin hantar mutanenmu a zango ma sananne ne: ciwon hanta nau'in B da mutum zai yi shekaru da shi bai sani ba, gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, farasitamol da ake watsawa baki ba lissafi alhali babba bai kamata ya wuce giram 4 a rana ba, da jiƙe-jiƙen da ba a san me aka zuba ba. Ƙoda kuwa hawan jini da suga da ba a kula da su ba ne ke kashe ta, sai maganin ciwon jiki irin su dikulofenak da 'yan dako ke saye kullum. Sai a 2002 aka sa rigakafin ciwon hanta B cikin allurar jarirai a Gana, don haka yawancin waɗanda suka girmi wannan shekarar ba su samu ba. Wanda ke da sidi 780 yana kuma tausayin hantarsa, gwajin ciwon hanta B da allurar rigakafi uku su ne wurin kai kuɗin.

Na koma wurin mai shagon da labarin dattijuwar, ban ambaci sunanta ba. Ta yi shiru, fuskarta ta canza, ta ce wallahi ba ta taɓa tunanin mai shan magani zai saya ba. Na ce, "'Yar'uwa, su kuka kira a bidiyon." Na roƙe ta abu uku: a riƙa tambayar ciwo da magani kafin a karɓi kuɗi, a rubuta filasko a jikin shayin, a cire maganar suga da hawan jini daga talla. Makon jiya na sa ƙanwata ta tura musu saƙo kamar mai son saye. Yanzu suna tambaya ko kana da suga ko juna biyu, in ka ce e su ce ka fara ganin likita. Ƙullin shayin har yau "ganyayyakin gargajiya" ne, bidiyon yana nan yadda yake, sun kuma fito da sabon tsari na kwana bakwai a kan sidi 1,600.